Fuskar Rabo da Jar Saniya

Ba don saniyarsa ba, da har abada Rabo ba zai sake taka zauren Kamilu mai hoto ba.

Bara da Babbar Sallah abin ya faro. Rabo ya ɗauki hoto a wayarsa tsaye kusa da jar saniyarsa, ya taso tun daga Ruwan Godiya zuwa Faskari, inda Kamilu ke wanke hotuna a gida da 'yar firintarsa. Hoto ya fito, Rabo ya ga kansa baƙi wuluk, yadda Allah ya yi shi, sai ya hau bala'i. Ya tilasta Kamilu ya yi ta ƙara haske a kwamfuta har fuskar ta koma ta Balarabe. Hakan ma bai ishe shi ba, sai da ya bi kasuwa yana yaɗa cewa injin Kamilu ƙona mutane yake yi. Masu biki da masu suna suka janye ƙafa.

To, sai ɓarayi suka kora shanun Rabo, suka haɗa da wayar. Yau aka ƙwato wasu, ga jar saniyar a ciki, amma wani Almu ya rantse tasa ce. Dattawa suka ce kowa ya kawo shaida kafin la'asar. Shaidar Rabo kuwa ɗaya ce tak, kuma tana cikin kwamfutar mutumin da ya ɓata wa suna.

"Injin mai ƙona mutane ka zo nema?" in ji Kamilu, ko tabarma bai nuna masa ba.

"Malam Kamilu, ba hwaɗa ya kawo ni ba. Hiddo mani hoton in tahi."

Kamilu ya buga, ya cilla masa. Rabo ya duba. Ashe hasken bai tsaya a fuskarsa ba, har saniyar ya wanke, ta koma kalar shayi da madara. Wa zai yarda wannan ce jar da ke ɗaure can?

"Ina na asalin?"

"Kai da bakinka ka ce in goge shi, kada jikokinka su gani."

Rabo ya ji kamar ya shaƙe shi, amma ya haɗiye. Ya ce a mayar da jan yadda yake. Kamilu ya ce shi bai taɓa ganin saniyar ba, kuma ja iri-iri ne, in aka yi shi da ka, Almu zai ce ƙirƙira aka yi. Abu ɗaya kawai ya sani a hoton nan wanda zai iya aunawa da idonsa.

"Tsaya nan bakin taga, inda rana ke shigowa. Cire hular."

Haka Rabo, mai mata da 'ya'ya, ya tsaya ƙiƙam, zufa na bin wuyansa. Kamilu ya rage haske, ya buga a guntun takarda mai sheƙi, ya jira tawada ta bushe, sannan ya kara ta a kumatun Rabo.

"Da saura. Ka hi haka duhu."

Ya sake. Makwabta suka fara leƙowa. Sau huɗu Kamilu yana ɗaga murya yana cewa da saura, kuma ko wawa ya san daɗi yake ji. A na biyar takarda da kumatu suka zama ɗaya. Rabo ya duba, sai ga saniyarsa jajawur, har da tabon da ke wuyanta, wanda hasken ya cinye a baya. Idonsa ya kawo ruwa, ya miƙa hannu.

Kamilu ya janye hoton, ya ɗaga shi sama yadda 'yan leƙe za su gani.

"Wane ne wanga baƙin?"

Ladan ya fara gyara lasifikar masallaci don kiran la'asar. Rabo ya dubi ƙasa.

"Ni ne."

"Ba su ji ba," in ji Kamilu.