Yaran Da Kwamiti Bai Gani Ba

Munzali bai taɓa ɓoye wa kansa ba: tsoron magana a gaban manya yake ji. Ga shi yau a benci na uku a zauren taro a Daura, 'yan kwamitin majalisa suna sauraron jama'a kan ƙudurin soke shirin da ya bai wa kurame damar zama aji ɗaya da masu ji.

Shi ne yake fassara wa kuramen darasi da hannu a wata firamare ta wajen Sandamu. Su bakwai ne. Idan ƙudurin ya wuce, sai dai makarantar kwana mai nisa, ya kuma san babu uban da zai yarda. Gida za su koma.

Wani ɗan kwamiti ya ce kurame suna jan aji baya. Wata ta ce ware su zalunci ne. Sai shugaban ya ce a bar dogon turanci: ranar Talata sun je firamaren ta wajen Sandamu da ƙafarsu, sun leƙa kowane aji, ba su ga kurma ko ɗaya ba. Shirin a takarda kawai yake.

Munzali ya tuna. A ranar, hedimasta Malam Dabo ya yi abin da ya saba idan baƙi za su zo: a share fili, a sallami duk yaron da ba zai iya amsa tambaya ba, don kada a ji kunya. Munzali da kansa ya raka su bakin ƙofa. Amatullahi, babbarsu, ta tambaye shi da hannu ko laifi suka yi.

Yanzu ga Malam Dabo zaune a gefen Munzali a zauren. Aminin mahaifinsa ne, shi ya nema masa aikin.

"Baba, in faɗa musu?"

Dattijon ya danne masa gwiwa. "Da furfurata za ka tona mini asiri? Diflomar jiya ce take ɗibarka. Zauna, ɗan nan."

Magatakarda ya tambaya ko akwai sauran mai magana kafin a rufe. Munzali ya janye hannun dattijon a hankali, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, yaran suna nan. Mu muka tura su gida ranar, ni na raka su. Gobe zan kawo su duk inda kuka ce, ku tambaye su da kanku."