In Da Hali Ka Zo

Wayar tana hannuna, na buɗe muryar yadda kowa a ɗakin zai ji, lokacin da Kamilu ya yi tambayar. Da Turanci ya yi ta, don ba shi da wani harshen da zai yi ta da shi.

"Mansura, ki gaya mini. In taho yanzu, ko in bari sai ƙarshen wata kamar yadda na tsara? Na ga akwai jirgi ranar Laraba."

Mahaifiyarsa, Malama Yelwa, tana kwance a kan gado da matasai uku a bayanta, don in ta miƙe sosai numfashi ba ya zuwa. Ƙafafunta sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Ƙanenta Baba Mamman, wanda ya zo daga Bunguɗu tun da safe, yana zaune a bakin ƙofa yana jan carbi. Likita ya riga ya gaya mana ranar Alhamis cewa zuciyar ta gaji, mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Duk mun san abin da hakan yake nufi.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da uwata za ta faɗa, da kakata, sai dai ni na sa masa rigar Turanci.

"Jiki da sauƙi, mun gode Allah. In ka samu hali ka zo."

"Da gaske da sauƙi?"

"Da gaske."

Na ji ya sauke numfashi daga can Ingila. Ya ce kai, ya ji daɗi, kwana biyu bai iya cin abinci ba. Ya ce to bari ya bar tafiyar yadda take, ƙarshen wata hutunsa zai fara, sai ya zo ya zauna da ita sati uku a natse. Ya yi mini godiya har sau biyu, ya ce a gaida kowa, ya ajiye.

"Mi yac ce?" in ji Baba Mamman.

"Ya ce a gaishe ku."

"Kin dai hwaɗa mai?"

"Na ce in da hali shi zo."

"To madalla. Ai ya ji ke nan." Ya tashi ya fita tsakar gida neman buta, hankalinsa kwance.

Ba laifinsa ba ne. A wurinmu, in maƙwabciya ta karɓi waya a madadin uwarka, ta ce maka da sauƙi da irin wannan muryar, sannan ta ƙara da cewa in da hali ka zo, ba ka tsayawa neman takalmi na biyu. Ba a cewa mutum zai mutu yana numfashi. Ba a ɗora wa ɗa wannan maganar ta waya. Ana ba shi gefenta ne, shi kuma ya gane sauran.

Kamilu kuwa yana da shekara biyar auren iyayensa ya mutu, ubansa ya tafi da shi Ingila wurin karatun likita, can suka zauna. Cikin shekara talatin da shida sau uku ya taka Gusau. Hausarsa ta ƙare a sannu, na gode, da tuwo. Duk Lahadi bayan la'asar yakan kira uwarsa su yi hira da Turanci, kuma da ciwonta ya yi tsanani sai na zama mai riƙe musu waya, saboda katanga ɗaya ta raba gidajenmu a unguwar Damba, saboda kuma ita ta koya mini Turancin.

A Tsafe ta koyar da ni, a makarantar 'yan mata. Sauran malamai rubutu suke koyarwa, ita kuwa hira ta ɗauka da zafi. Takan tsayar da mu biyu biyu a gaban aji ta ce mu yi magana. Muna kiranta Baturiyar Bunguɗu a bayan idonta, kuma ta sani. Takan ce Turanci ba kalmomi ba ne kawai, yana da ladabinsa, kuma ladabinsa ba namu ba ne. Ki kalli mutum cikin ido, in kin sunkuyar da kai zai ɗauka ƙarya kike yi. Gaisuwa ɗaya ta isa, ba sai kin tambayi gajiya da yara da awaki ba. In yana magana ki riƙa ɗan amsawa don ya san kina tare da shi, amma kada ki tari numfashinsa. Ta ce hirarsu kamar mata biyu ne a turmi ɗaya, in taɓaryarki ta tashi ta ɗaya ta sauka. Ta ce sukan fara da maganar ruwa ko sanyi, ba don abin ya dame su ba, sai don a sami wurin taka ƙafa. Akwai kuma wanda ta sa muka maimaita har muka gaji: in mai Turanci ya ce yaya kike, gaisuwa ce, ki ce lafiya ki wuce. Amma in ya sake tambaya, ya ce da gaske, to amsa yake nema, kuma abin da kika ba shi shi zai ɗauka ya yi aiki da shi.

Ni ce ta ɗaya a wannan darasin shekara biyu a jere.

"Mansura, matso," in ji Malama bayan fitar ƙanenta.

Na matsa. Muryarta ta zama siririya, sai na sunkuya.

"Kin hwaɗi jarrabawa."

"Malama, bakina ne ya ƙiya."

"Sau biyu yat tambaye ki."

"To in sake kira nai yanzu?"

Ta ɗaga ido ta kalli silin. Fanka ba ta juyawa, babu wuta tun jiya. Daga baya ta ce, "Bar shi. Shina da aiki, shina da ɗiya ƙanana. Ni da ban riƙe shi ba, da wane baki zan ce mai taho?"

"Amma kina son ganin shi."

"Ina so," ta ce. "Wallahi ina so. Ko hannu nai in riƙa."

Wannan ta faɗe shi da Hausa, kuma ni kaɗai ta faɗa wa. Da Turanci ban taɓa jin ta roƙi ɗanta komai ba. Kullum kada ka damu da ni, kada ka wahalar da kanka, ina nan ƙalau. Ta iya ladabin nasu fiye da su.

Satin ya wuce haka. Ina zuwa ofis da safe, in dawo in dama mata kunu, ta sha cokali uku ta kau da kai. Ba na kuka, ba na ma jin komai sosai. Kamar ana yin abubuwan ne a gidan wasu, ni kuma ina leƙe ta taga. Baba Mamman yana zuwa daga Bunguɗu kusan kullum, kuma kafin ya cire takalmi sai ya tambaya.

"Yaron nan bai iso ba?"

"Bai iso ba, Baba."

"Hanya ta. Ƙasar tasu da nisa." Har ya sa aka share ɗakin baƙi aka shimfiɗa sabon zanen gado, ya kawo zabi biyu ya ɗaure a bayan madafa. Na kasa gaya masa cewa babu wanda ke kan hanya.

Sau uku na rubuta wa Kamilu saƙo ina gogewa. Duk yadda na juya maganar, in na karanta sai in ga kamar ni ce nake yanke wa Malama kwana. Na gaya wa maigidana Sahabi, ya ce, "Ke dai akwai neman magana. Rai ga Allah shike. In kin ce mai za ta mutu, ta tashi, ina za ki sa kanki?" Abin da nake gaya wa kaina ke nan ni ma.

Lahadi ta zagayo. Na yi niyya tun safe cewa yau zan faɗa. Da wayar ta yi ƙara, Malama ta miƙo hannu ta ce a sa mata a kunne. Ban san inda ta samo ƙarfin ba. Muryar aji ce ta dawo, kowace kalma a tsaye. Ta tambaye shi ko ana ruwa a can. Ya ce tun safe. Ta ce nan ma damina ta yi kyau, geron Mamman har ya fitar da kai. Ta tambayi jikokinta da sunayensu. Ya ce ya ji daɗin jin muryarta haka. Ta ce kada ta riƙe shi, ta san yana da abin yi. Da aka ajiye wayar ta kusan rabin awa ba ta iya magana ba, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Kin gani," ta ce da ta farfaɗo. "Ni ma na hwaɗi."

Ranar Laraba da hantsi ta daina gane mutane. Ta kira ni da sunan wata yarinya da ban sani ba, ta ce in goge allo. Na fita tsakar gida na tsaya kusa da randa, na kira Kamilu. Ban gaishe shi ba. Na ce masa da Turanci mahaifiyarka tana mutuwa, ka taho yau. Ban san maganar gajera ce haka ba, ko numfashi ɗaya ba ta ci ba.

Na ji ana magana a bayansa, wata ƙofa ta rufe.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin waccan Lahadin."

Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na gode da kika gaya mini." Ko awa ɗaya ba a yi ba ya turo saƙo cewa jirgin da ya samu zai sauke shi Kano ranar Asabar da safe.

Na koma ɗaki na sunkuya a kunnenta na ce Kamilu na tafe, Asabar. Ban sani ba ko ta ji. Leɓenta ya motsa, amma yana motsi dama tun safe.

Ta cika ranar Juma'a wajen ƙarfe tara na safe. Ina goge mata baki da tsumma mai ɗumi, ƙirjinta ya tashi ya sauka, ban ga ya sake tashi ba. Na tsaya riƙe da tsumman na ɗan lokaci kafin in kira mutane. Baba Mamman ya ce a Bunguɗu za a rufe ta kusa da iyayensu, kuma ba a ajiye gawa don jiran kowa. Babu wanda ya yi masa musu, ni ma ban yi ba. Bayan sallar Juma'a maza suka tafi da ita. Mu muka zauna muna amsa gaisuwa, ya haƙuri, haƙuri sai ma'abucinsa, Allah ya jiƙanta, amin. Bakina yana yin aikinsa shi kaɗai.

Kamilu ya iso Asabar da azahar. Direban da ya ɗauko shi daga Kano ya ce gudu suka yi don su wuce Tsafe da rana tsaka. Dogo ne, da furfura kaɗan a gemu, goshin uwarsa sak. Baba Mamman ya kama hannunsa ya riƙe, ya yi ta jero masa ta'aziyya, shi kuma yana cewa na gode, na gode. Sannan tsohon ya juyo gare ni.

"Tambaye shi, mi yat tsai da shi? Sati biyu hwa da anka ce mai shi zo."

Kamilu ya kalle ni yana jiran fassara. Na ce masa kawunka yana yi maka sannu da hanya. Wannan karon na san abin da nake yi, kuma na yi shi.

Sahabi ya kai shi Bunguɗu ya ga kabarin, suka dawo kafin la'asar. Ya nemi in raka shi ɗakinta. Mata suka matsa suka ba shi wuri. Ya tsaya yana kallon gadon da aka riga aka naɗe katifarsa. Na ce masa da Turanci, ina kallon idonsa, laifina ne. Ya girgiza kai ya ce na yi mata abin da shi bai yi ba, kada in faɗi haka. Ban gane ko ya yafe ba ne, ko ladabi ne.

Ya durƙusa ya buɗe akwatinsa. Ya ce akwai tsarabar da ya haɗa tun kafin kiran Laraba, bai sami sukunin cirewa ba, ko zan san wanda za a ba. Ya fito da man shafawa, da shayi, da hoton yaransa. A ƙasa akwai wani kwali. Takalma ne na tafiya, farare, masu taushin ciki da maɗauri mai faɗi, irin na masu kumburin ƙafa.

"Washegarin da kika ce ta samu sauƙi na saya," ya ce. "Masu ciwon zuciya in sun fara warkewa ana so su riƙa ɗan takawa. Na ce in na zo sai mu riƙa zagaya unguwa da yamma, ni da ita."

Ya miƙo mini, na karɓa. Aka kira shi a waje, wasu tsofaffin abokan aikinta maza sun zo daga Tsafe. Na rasa inda zan ajiye takalman, ɗakin cike da mutane, sai na fito na sauke su a bakin ƙofa, cikin silifas ɗin masu gaisuwa. Mata suna shiga suna fita suna tsallake su. Har aka fara yayyafi suna nan, da takardar da aka cusa a cikinsu.