Wejin Musbahu

Musbahu ya kama ƙarfen ƙofar hagu, ya taka matakala, ya haye cikin motar da ƙarfinsa kamar mai shekara talatin. Ya gyara zama, ya miƙa hannu biyu zai kama sitiyari, sai ya kama iska. Sitiyarin yana can ɗaya gefen, a dama, inda Turawan Ingila suka dasa shi tun ranar da suka ƙera ta.

Bai bari kunya ta nuna a fuskarsa ba. Ya zaro tsumma daga aljihu ya hau goge gilashi, wai dama abin da ya hau yi ke nan. Ba wanda ya kula sai Salissou mai gadi, wanda yake zaune a kan garwa a bakin sito yana kaɗa shayi. Abin haushin shi ne Salissou ba ya ma gani sosai, yanar ido ta cinye masa rabin duniya. Amma kunnensa ya ji ƙofar da aka buɗe.

Motar tsohuwar babbar motar kaya ce ƙirar Lailan, mai faɗin goshi, koriya shar, ta sha fenti har tana ɗaukar ido. Wata takwas da suka wuce ba haka take ba. Gawa aka sauke a harabar siton, a Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyad, tsatsa ta ci ta, ga sheƙar tsuntsu a cikin inji. Kafilinsu, wato Balaraben da suke aiki a ƙarƙashin sunansa, Abu Nayif, shi ya sayo ta daga Ingila don ya faranta wa mahaifinsa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana jan irinta. A makon da aka kawo ta ne kuma manaja ya kira Musbahu ya gaya masa cewa idan iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare ba za a sabunta ba. Shekara sittin da biyu ta yi wa direban ƙaramar motar kaya yawa, ga samari nan birjik. Musbahu bai shirya komawa Kano ba, don 'yarsa Ikilima tana da sauran shekara biyu a makarantar koyon jinya, kuma duk da guminsa take yi.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Musbahu ya tari Abu Nayif a gindin gawar motar, ya buga ƙirji ya ce ai wannan uwar ɗakinsa ce, shekara ashirin ya yi yana jan irinta daga Kano zuwa Legas. Bai sha wahalar tsara maganar ba, don ta daɗe a bakinsa. Duk Juma'a bayan an sauko, idan 'yan gida suka taru a ɗakin Maulud tela a unguwar Shumaisi, ita yake zuba musu a kan farantin shinkafa. Ya ƙetare gadar Jebba ba fitila. Ya hau Hawan Kibo da buhun gyaɗa ɗari biyu, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da rake. Kowace shekara buhunan suna ƙaruwa, har suka sa masa suna Sarkin Lailan. Abu Nayif ya ce to, ya tayar da ita, ya tuƙa ta a gaban tsoho, shi kuma zai sabunta masa iƙama.

Gaskiyar magana, Musbahu ya yi shekara shida a Lailan, amma a matsayin karen mota. Maigidansa, wani direba ɗan Fagge da ake kira Dawuda Giya-Huɗu, bai taɓa barinsa ya taɓa sitiyari ba sai in zai goge. Tuƙi kuwa daga baya ya koya, a tasi.

Gyaran dai ya yi shi, ba wanda zai ƙwace masa wannan. Ya kwanta a ƙarƙashinta wata da watanni, ya san kowane noti da inda ake ɗura giris ba tare da ya duba ba. Ya wanke tanki, ya fitar da iskar da ta shiga bututun mai, ya ɗinke kujeru. Ranar da injin ya yi tari ya kama, sai da ya koma bayan sito ya share hawaye, don ƙarar ta dawo masa da tashar Kano ta wancan zamani, da ƙanshin ƙosai, da mutanen da duk sun mutu. Har wani guntun katako ya samo ya sassaƙa weji, irin wanda ake cusawa a bayan taya kada mota ta gangara, ya yi masa mariƙi, ya ajiye a cikin motar. Ba wanda ya sa shi.

Sai dai motar ba ta taɓa motsawa ba, don tayoyinta jiya suka iso. Yau da hantsi za a kawo tsoho. Aikin kaɗan ne: a zagaya haraba sau ɗaya, sannan a hau da ita gadon babbar tirela ta kan wasu karafa biyu da aka jingina, a kai ta gonar iyalin a bayan gari. Saura mako uku iƙamar ta ƙare.

Ya sauko, ya zagaya ta dama, ya tayar da ita. Ya taka kuloci ya nemi giya, sai motar ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya sake gwadawa, ta sake yi. Ya kashe ta, ya zauna yana kallon hannunsa.

Salissou ya taso da kofinsa, yana laluben hanya da ƙafa. Mutumin Maradi ne, siriri, mai ƙarancin magana, shekararsa goma sha ɗaya yana gadin siton. Duk Juma'a yana cikin masu sauraron labarin Hawan Kibo, bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya ƙara miya.

"Sarki," ya ce, "wata takwas ina saurarenka. Ba ka taɓa hawa ta ƙohwar dama ba sai yau. Kuma ni tunda nike ban taɓa ganin direban da ya sassaƙa weji da hannunai ba."

Musbahu ya fara cewa giyar ce ta daɗe ba ta yi aiki ba. Salissou ya kurɓi shayi ya bar shi ya gama. Sannan ya gaya masa, ba tare da ɗaga murya ba, cewa shi ya yi shekara goma sha bakwai yana ɗauko gyaɗa daga Maradi zuwa Kano a irin wannan, kuma giyarta lafiya lau take. Ita dai ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu. A taka a fitar, a saki, a saurari inji, a sake takawa a shigar. Kunne ke tuƙa ta, ba ido ba.

Musbahu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara goma sha ɗaya yana koya wa kifi iyo. Ya tambaye shi me ya hana shi tona masa asiri tun tuni, Salissou ya ce labarin yana da daɗi, kuma yana son ya ga inda buhunan za su tsaya.

Salissou ya yarda zai zauna a gefensa ya riƙa bugun murfin inji da ke tsakaninsu, bugu ɗaya a taka, bugu biyu a shigar. Amma da sharaɗi. Daga yau, in suna su biyu, Musbahu zai riƙa ce masa Maigida.

"Haba Salissou, da furfurata?"

"Wa ka ce?" in ji Salissou.

"Maigida," in ji Musbahu, kamar mai haɗiyar maɗaci.

Awa biyu suka yi suna zagaya haraba. Salissou ya rufe idanunsa ma gaba ɗaya, ya karkata kai, yana bugu yana tsaki. Ya ce ƙafar Musbahu ƙafar ɗan tasi ce, ba ta da haƙuri. Amma kafin rana ta yi zafi, cikin sau biyar giyar tana shiga sau uku ba ƙara. Musbahu ya fara jin cewa wataƙila ma da gaske ya taɓa hawa Hawan Kibo.

Ƙarfe goma da rabi wata doguwar jif fara ta shigo, sabuwa dal, ko ledar kujera ba a cire ba. Abu Nayif ya ajiye ta a inuwa, daidai bayan inda aka jingina karafan hawa tirela, ya fito ya buɗe wa mahaifinsa. Tsohon ya haura tamanin, ya rankwafa a kan sanda, gemunsa ja da lalle. Bai gaisa da kowa ba. Ya tafi kai tsaye ya dafa goshin Lailan, ya daɗe a haka, leɓensa yana motsi. Sannan aka kawo masa kujera, ya ɗaga sanda ya ce, "Yalla."

Wannan karon Musbahu ya tuna, ya hau ta dama. Zagayen ya tafi lafiya. Giya ta biyu ta shiga sumul, ta uku ta ɗan yi gunaguni, tsohon ya yamutsa fuska. Musbahu ya juyo ya saita tayoyi a kan karafan, ya fara hawa. A nan ne daɗi ya kwashe shi, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga wa tsoho, irin na mai shan rake. Salissou yana ta bugun murfi a koma giya ta ɗaya, bai ji ba. Da ya farga ya taka sau ɗaya irin na tasi, giyar ta ƙi, ya daburce ya saki, injin ya shaƙe ya mutu a tsakiyar hawa. Sandar giya tana tsakiya, ba ta cikin kowace. Motar ta tsaya cak na daƙiƙa guda, sannan ta fara sulalowa baya, a hankali, tana nufar farar jif.

Direba a irin wannan hali birki yake nema. Ga na ƙafa, ga na hannu a gefen damansa. Musbahu bai nemi ko ɗaya ba. Kafin kansa ya yi tunani, jikinsa ya riga ya yanke hukunci irin na shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Ya suri wejin, ya banke ƙofa, ya diro, ya bi motar a guje yana sunkuye, ya cusa katakon a bayan tayar baya, ya janye hannu a daidai lokacin da ya kamata. Tayar ta hau wejin, katakon ya yi ƙara, motar ta yi girgiza ta tsaya. Tsakaninta da hancin jif bai fi kamu biyu ba.

Sai ya ji hannunsa ya buga bodi, bakinsa ya ƙwala kira, da muryar da ya manta yana da ita: "Ta zauna, Maigida!"

Kujerar direba ba kowa, ƙofa tana lilo, mai rabin gani yana zaune a ɗaya gefen riƙe da kofin shayi. Abu Nayif ya dubi jif ɗinsa, ya dubi Musbahu, fuskarsa ta yi ja. Musbahu ya tsaya da ƙura a gwiwa, ya san ta ƙare. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa kuma a gaban jama'a ya ƙure. Ikilima kawai yake gani.

Wani sauti ya taso daga kujerar tsoho, aka zaci tari ne. Dariya ce. Ya yi ta har sandarsa ta faɗi, yana nuna Musbahu da yatsa yana share ido da gefen mayafin kansa. Da ya samu numfashi ya ce wa ɗansa, da Larabcin da kowa a wurin ya gane, wannan bai taɓa zama direba ba, wallahi mu'awini ne, yaron mota, kuma na gaske. Ya ce a duba yadda ya sa katakon a karkace, ya cire hannu kafin taya ta cije. Shi ya yi nasa zamanin da yara bakwai, biyu sun bar yatsu a hanyar Dammam.

Abu Nayif ya fara cewa ai mutumin ƙarya ya yi masa. Tsohon ya katse shi.

"Direbobi sun cika Riyad," ya ce. "Ni ma direba ne. Wa ya ce maka direba nake nema? Ka sabunta masa. Wancan mai buga murfin ma a kawo mini shi gona, na ji kunnensa tun daga nan."

Mutum biyu suka ɗaga tsohon suka ɗora a kujerar dama. Ya kama sitiyari. Ya tayar da ita, ya taka, ya saki, ya saurara, ya sake takawa, giyar ta shige ba ko ƙis. Salissou ya gyaɗa kai, irin gaisuwar da malami ke yi wa malami.

Musbahu yana tsaye a ƙasa, kunya da farin ciki sun cakuɗe masa, ya rasa wanne zai fara ji. Ya matsa kusa da tagar hagu ya yi ƙasa da murya, ya roƙi Salissou don Allah kada wannan magana ta je Shumaisi.

"Ni? Ko kaɗan," in ji Salissou. "Ba ni hwaɗa ma kowa. Sai dai ran Juma'a in an zuba shinkahwa." Ya miƙo masa kofin da ya shanye. "Yaro, a cire weji."

Musbahu ya karɓi kofin. Ya dubi farin gemunsa a madubin motar, ya dubi hanyar da tayar za ta bi. Sannan ya tattare rigarsa, ya tsuguna a gindin taya, ya kama mariƙin katakon yana jiran ta motsa.

"To, Maigida," ya ce.