Takardar Shaidar Cewa Maman Vicky Tana Kaduna

A shekarar da sojoji suka koma bariki, lokacin da kowa yake cewa yanzu kam komai zai gyaru, Zumuntar Mata ta cocin Makera ta raka Scholastica tasha za ta Ingila. Rakiya fa ba ta wasa ba. Mata arba'in cikin anko, ana buga tulu ana waƙa, har sai da direban motar Kano ya kashe mota ya jira su gama. Ita Scholastica, wadda aka fi sani da Maman Vicky, acca da citta take sayarwa a kasuwa, kuma duk tafiyarta a duniya ba ta wuce Jos ba. 'Yarta Vicky nas ce a Ingila, ga cikin fari ya tsufa, ba uwa ba inna a kusa. Shi ya sa ta aiko da kuɗin tikiti don uwar ta je ta yi mata wankan jego.

Kafin tafiyar nan babu abin da ba a yi ba. Fada, limamin cocin, ya ɗora mata hannu a ka a gaban jama'a. Ta bar wa ƙawarta Philomena rumfarta, ta raba wa maƙwabta kajinta, ta bi gida gida tana neman gafara.

A filin jirgi na Kano wani ma'aikacin kamfanin jirgin ya karɓi tikitinta, ya yage takarda ɗaya daga ciki, ya ce ta samu wuri ta zauna. Ta zauna tun hantsi har la'asar. Sannan aka sanar cewa jirgin bai zo ba, ba kuma zai zo ba, kowa ya koma ofishin da aka yankar masa tikiti. Mutumin da takardar kuwa, ko ƙeyarsa ba ta sake gani ba.

To, ina za ta koma? Matar da aka raka da tulu, ta dawo bayan kwana ɗaya ta ce a ba ta kajinta? Ai ina. Da motar ta iso Kaduna sai ta zarce Mahuta gidan ƙaninta George, ta ce kwana biyu kawai za ta yi, kada ya kuskura ya gaya wa kowa. Shi kuwa George, Allah ya yi shi da son a ce ya san labari. Washegari ya haɗu da Mama Eunice, shugabar zumunta, ta tambaye shi ko an ji ɗuriyar matafiya. Bakinsa ya ce ta sauka lafiya lau, sai dai sanyi. Ran Lahadi aka sanar a coci, aka yi tafi.

Daga nan Scholastica ta ari babban mayafi wurin Hajiya maƙwabciyar George. Kullum da safe ta lulluɓe har ido, ta shiga bas, ta ƙetare gada zuwa ofishin kamfanin a cikin gari. Ofishin yana da fanka ɗaya, da benci biyu, da hoton jirgi a bango, wanda shi ne kaɗai jirgin kamfanin da ta taɓa gani. A bayan kanta akwai wata Christy, mai ladabi ƙwarai, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta kuma taɓa gyara wa kowa komai ba. Rana ta farko babu wuta. Ta biyu wuta ta zo, wanda ya iya kwamfuta bai zo ba. Ta uku manaja ya tafi Legas. Kowace rana Christy takan ba ta haƙuri har sau uku, ta ce ta gwada gobe.

Rana ta biyar wuta da mai kwamfuta suka haɗu. Christy ta duba, ta sake dubawa, fuskarta ta washe.

"Mama, ai kin tafi."

"Na tafi ina?"

"Ingila. Ga shi nan, ranar Talata kika tashi."

Scholastica ta tuna mata cewa jirgin ma bai zo ba. Christy ta ce ƙwarai kuwa bai zo ba, kowa ya sani. Amma an yage takardar, kuma a tsarin kamfani duk wanda aka yage wa takarda ya shiga jirgi. Scholastica ta buɗe mayafi ta ce to ga ta nan a tsaye. Christy ta ce ita kam tana ganinta, amma ofishin Legas ba ya ganinta. Abin yi ɗaya ne, ta kawo takarda mai hatimi daga wani babba da ya san ta, fada ko mai unguwa, wadda za ta nuna cewa tana Kaduna.

Fada! Mutumin da ya jagoranci tafin saukarta lafiya. Mai unguwar Makera kuwa a gidansa ta bar zakara. Scholastica ta ja mayafinta ta ce za ta jira manaja. Ta ci gaba da zuwa kullum tana zama a benci, manaja ya ci gaba da zama a Legas.

Ana cikin haka Vicky ta haihu. A wayar gidan Hajiya, inda tun farko Scholastica ta sanar da su batun jirgin, mijin Vicky ya bugo ya faɗa, namiji ne, kowa lafiya. Scholastica ta yi rawa a tsakar gidan mutane, washegari ta koma benci. Bayan kwana goma wayar ta sake ƙara, wannan karon Vicky ce da kanta. Muryarta ta yi sanyi ƙalau. Ta ce maigidan ya koma aiki, ita kaɗai take wuni da jariri, bayanta kamar zai tsinke, ko tukunya ba ta iya ɗagawa.

"Mama, yaushe za ki zo?"

Scholastica ta ce laifin masu jirgi ne. Ba ƙarya ta yi ba, amma ta san ba duka gaskiyar ke nan ba, kuma abin ya ci mata rai.

Washegari Lahadi ta ninke mayafin ta mayar wa Hajiya. Ta shiga cocin Makera ta ƙofar gaba, ana tsakiyar sanarwa, tana jiran a yi ihu. Babu wanda ya ko motsa. Wata mata ta matsa mata wuri a benci. Bayan an tashi ta yi wa Fada bayani kanta a ƙasa, shi kuwa ya zauna ya rubuta cewa shi shaida ne Scholastica tana Kaduna, ya buga hatimi. Duka aikin bai kai minti goma ba.

A bakin ƙofa Mama Eunice tana tsaye tana jiranta. Ta ce ai sun sani tun tuni. Philomena ta gane ta a tashar bas tun rana ta uku, mayafi ya rufe fuska amma bai rufe tafiya ba. Suka zauna suka yanke shawara kada kowa ya kunyata ta, a bar ta ta fito da kanta. Sai ta tambayi labarin Vicky. Scholastica ta ce ta haihu, yau kwana sha ɗaya.

Mama Eunice ta kalle ta.

"Kwana sha ɗaya yarinya ba ruwan zafi, Maman Vicky? Saboda mu?"

Hawaye suka zubo wa Scholastica a kan takardar, ta yi maza ta goge kada hatimin ya lalace.

Ran Litinin Christy ta karɓi takardar, ta yaba kyawun rubutun, ta ba ta haƙuri sau uku, ta yanka mata sabon tikiti na Alhamis. Ta ce ana sa ran jirgin zai zo.

Alhamis da sassafe Scholastica ta shiga motar Kano ita kaɗai, ba anko ba tulu. Motar tana hawa gada ta fara ƙirga kwanakin jego da yatsu. Cikin arba'in, saura ashirin da biyar.