Batir a Kan Rumbu

Shekarar da man fetur ya yi ɓatan dabo, sojoji na tsaron layin gidajen mai da bulala, Philomena ta baro Zariya da kwamfutar ofis a jaka, ta rungumo ta kamar jinjiri har ƙauyensu da ke bayan Nasarawan Doya. Aikinta buga takardu a wani ofishin aikin gona. Sai da ta yi wa ogarta hawaye kafin a ba ta aron abin, tare da batir biyu da kashedi iya cikinta.

Mahaifinta, Baba Ilisha, shi ya kawo ta. Rabin waƙoƙin da ake yi a ɗan cocin ƙauyen shi ya tsara su, yana kora doki a wurin matsar rake, kuma bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Jama'a sun riƙe amshi, baitocin kuwa suna kansa shi kaɗai. Tun da hawan jini ya kayar da shi da damina abubuwa suka fara zube masa. In ya ɗauko waƙa sai ya kai ƙarshe, amma da an ce masa dakata in rubuta, shi ke nan ta gudu. Mai biro ba ya cim masa. Yatsun Philomena kaɗai ke iya bin bakinsa.

Ranar farko sai ɗoki ya ci ta. Ƙauye ya cika tsakar gida, ita kuwa ta ƙure hasken allo, tana ta nuna wa mutane yadda ake sa harafi ya yi ƙiba ya rame. Maƙwabciyarsu Mero ma sai da aka buga mata sunanta da ja. Kafin la'asar batir ɗaya ya ce ga garinku, ba a yi aikin komai ba sai kan magana da ta buga ta adana. Ta kifa kwamfutar, ta ja ɗan makulli, ta zare mataccen ta sa ɗayan, mahaifiyarta Matta na tsaye tana kallo. Ƙauyen babu wuta. A Maƙarfi ma an manta rabon da a gan ta, mai janareto kuma ya rufe shago don rashin mai.

Tsoro ya mayar da Philomena marowaciya. Ta shiga wurin da ake daidaita cin wuta ta ƙulle komai tamau. Ta rage haske har sai ta matso da hanci take gani, ta rage wa injin gudu, ta kashe sauti. Akwai kuma wata dabara da kwamfutar ke yi, lokaci-lokaci ta juya faifanta ta adana abin da aka buga da kanta. Duk sanda Philomena ta ji wannan ɗan gurnanin sai gabanta ya faɗi, tana jin ana tsotse mata batir. Ta kashe shi shi ma. In Baba ya gaji sai ta rufe murfin kawai, kwamfutar ta yi barci da aikin a kanta, wata 'yar koriyar fitila na ƙyaftawa a gefe. Muddin batir na jikinta ba ta mantuwa. Adanawa kuwa, Philomena ta ce sai an gama, sau ɗaya tak. Har daɗi ta ji na wannan wayon nata.

Dabarar ta yi aiki, babu ƙarya. Baba ya yi ta zubo waƙoƙi, na girbi, na Kirsimeti, na rakiyar gawa. Da yammacin Juma'a ya ɗauko wadda Philomena ba ta san da ita ba, wadda ya yi ranar da suka binne ɗansu na fari. Sau ɗaya ya taɓa rera wa Matta ita, tun suna da ƙuruciya. Da jin farkonta Matta ta ɗauki tulu ta fice, ta ce ba za ta iya ba yau, a karanta mata wani lokaci. Da ya kai ƙarshe ya ce saura guda ɗaya, a bar ta sai da safe. Philomena ta rufe murfi.

Da asuba Baba Ilisha ya cika.

Wa ke tuna kwamfuta a irin wannan safiya? Philomena ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta hau bayan keken Lado, mijin Mero, zuwa Maƙarfi don ta aika wa dangi saƙo ta hannun direbobi. Sai da rana ta take suka dawo.

Tana shiga gida idonta ya sauka kan rumbu. A kan wani guntun kwano, inda Matta ta saba shanya batiran rediyo da na tocila in sun yi sanyi, ga su nan a jere suna shan rana. A gefensu kuma ga wasu baƙaƙen abubuwa masu faɗi. Guda biyu.

Philomena ta tsaya cak. Ta sake dubawa, kamar in ta duba da kyau ɗaya zai ɓace. Kunnuwanta suka toshe, matan da ke zaman makoki suna yi mata sannu da dawowa tana ganin bakinsu na motsi kawai. Ta faɗa ɗaki. Kwamfutar na kan gado a kife, an lulluɓe ta da kallabi mai tsabta don kada ƙura ta shiga ramin batirin. Koriyar fitilar ta mutu.

Matta ta biyo ta, idanunta sun kumbura, tana riƙe da batiran a bakin zane saboda zafi. Ta ce ta lura tun shekaranjiya Filo na matse ido a gaban allo, ta san abin ya yi rauni. Da farko mataccen kaɗai ta shanya, sai ta ga bai kamata ta yi wa ɗaya ta bar ɗaya ba, ga shi gobe za a so a karanta waƙoƙin a gaban jama'a. Makullin bai ba ta wuya ba, ai ta ga yadda ake yi.

Haushi ya taso wa Philomena, ya rasa wanda zai faɗa wa. Tsohuwar da ta rasa miji da asuba ta tuna da idon 'yarta? Da ba a kashe wannan gurnanin ba, da ko a rijiya aka jefa batirin waƙoƙin na nan. Ta karɓi wanda ke da sauran rai, ta mayar da shi mazauninsa, ta danna. Allon ya kawo haske.

"Kin gani ko?" in ji Matta. "Ya tashi. Rana ba ta ƙarya."

Ta zauna a bakin gado, daidai inda mijinta ya saba zama, ta gyara zaninta, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Kafin mutane su ƙaru, Filo, karanta mini ta yaron nan. Yanzu zan iya ji."

Philomena ta buɗe aikin. Layi ɗaya ne a sama, wanda ta adana ranar da take wasa da haruffa, ƙasansa fari fat har ƙarshe. Ta karanta shi da murya kamar ba tata ba.

"Waƙoƙin Baba Ilisha."

Matta ta lumshe ido, ta gyaɗa kai.

"To, ci gaba," in ji ta.