Motar da Ke Mutuwa a Mararraba

Daren da Sakuzo ya ɗauko sabuwar motarsa, ya tsaya a bakin layin dogo kamar yadda kowa ke tsayawa, sai inji ya yi tsit. Ya ɗage ƙafa daga birki a tsorace, motar ta yi wani tari irin na tsohuwar akuya, ta farka da kanta, ba wanda ya taɓa makulli.

Shekarunsa saba'in da tara. 'Yarsa Kanae ta riga ta faɗa masa: ranar da tuƙi ya fara gagararsa, za ta karɓe makulli. Ga shi kuma shi ke kai matarsa Mitsue wankin ƙoda a gari sau uku a mako, bas kuwa ta daina hawowa ƙauyen tun bara. Saboda haka ya ɓoye maganar mutuwar motar.

Ya kai motar wurin bauta, malamin wurin mai fararen kaya ya kaɗa mata sandar takarda a kowace ƙofa don ya tsarkake ta. Ta sake mutuwa a mararrabar farko. Ya ce ko tsohuwar motarsa da aka kai wa masu niƙa ƙarfe ce ke fushi, ya ajiye mata shinkafa a inda take kwana. A banza. Daga baya ya gano dabara: in bai tsaya cak ba, ba ta mutuwa. Sati uku yana silalewa ta kowace mararraba.

Maƙwabcinsa Heihachi ne ya gan shi ya haye layin dogo haka, ya buga wa Kanae waya. Ranar Lahadi sai ga ta, Heihachi na biye da ita. Sakuzo ya zuba shayi, ya faɗi komai.

"Baba, ai haka aka ƙera ta! Tana kashe kanta ne don ta rage shan mai da fitar da hayaƙi. Gwamnati ta gindaya wa masu ƙera motoci iyakar man da za su sha."

"Wato lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau."

"Ni ma ke nan lafiyata ƙalau?"

"Hayaƙi na Tokyo, wahala tamu," in ji Heihachi. "Nan wa ke hayaƙi in ba kai da tabarka ba, tsohon banza?"

"Kawu, jikarka fuka gare ta," Kanae ta ce. "Ni da za su ƙara matsa dokar ma, da na fi so."

"A matsa, har mota ta koma keke!"

Sakuzo bai gane wa ke da gaskiya ba. Yana ta mamakin mutumin da ya zauna ya koya wa inji suma.

"Baba, sau nawa ka haye layin dogon haka da Mama a ciki?" Kanae ta tambaya a hankali.

Ya fara lanƙwasa yatsu, ya bari. Ta miƙo hannu. Ya ciro makullin daga aljihu, da ɗuminsa, ya ɗora a tafinta.

Heihachi ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofar ɗakin da Mitsue ke kwance.

"To gobe Litinin, wa zai kai ta?"