Rigar da Sauro Ba Ya Shiga

Tela tana durƙushe tana tura bakin gidan sauro ƙarƙashin katifa, karo na uku ke nan, sai mijinta ya leƙo ta ƙofar tantin yana dariya.

"Maman yara, ki bar wa iska hanya mana. Ko sauron da ya yi digiri ba zai shiga nan ba."

"Ja zif ɗin ƙofar nan tukuna, sannan ka yi min magana," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya ja. Direba ne a wani kamfani, mutum mai son daji da ruwa kamar a can aka binne cibiyarsa. Wata shida ya yi yana roƙon ta su kai yara wannan wurin shaƙatawa na bakin tafki, inda iyalai ke kafa tanti su kwana in an yi hutun makaranta. Wata shida tana cewa a'a, kuma ba taurin kai ba ne. Bara ƙudan zuma ya harbi ƙaramar 'yarsu Auta a hannu a bayan shagonta na ɗinki. Kafin a sami mota fuskar yarinyar ta kumbura har idanun suka shige, numfashinta na fita da ƙara kamar ana busa ƙaramin usur. Likita ya ce sun yi sa'a, ya kuma ce harbi na gaba zai iya fin wannan muni. Tun daga ranar, ko ƙuda ne ya gifta sai gaban Tela ya faɗi.

Da babbar 'yarsu, wadda ake kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa, ta shigar wa ubanta, sai Tela ta ga an fi ƙarfinta. Ta yi abin da ta iya: ta hau keken ɗinki. Kwana uku ta yi tana ɗinka wa yaran wasu kaya da ba a taɓa ganin irinsu ba, riga da wando a haɗe, daga wuya har idon sawu. Ta sa roba mai ƙarfi a wuyan hannu da ƙafa, ta kai zif ɗin baya inda ƙaramin hannu ba zai kai ba, ta ƙara ƙugiya biyu a samansa. Yadin shuɗi ne mai kyau, domin Tela ko tsumma za ta ɗinka sai ta zaɓi launi. Maƙwabciyarta ta ce yaran sun yi kama da masu zuwa duniyar wata. Ita kuwa ko a jikinta.

Da rana Auta ta tuttular da lemon kwali a jikinta, ya bi ta wuya ya gangara har cikin wando. Tela ta tuɓe ta, ta sa ta barci a cikin gidan sauro, ta ɗauraye kayan da ɗan ruwan jarka, ba sabulu. Sannan ta juya cikinsu waje kafin ta shanya a kan wata 'yar gajeriyar bishiya. Haka take shanya tun tana koyon ɗinki, don rana na cin launin yadi. Hannunta ne ya yi, ba ta ma san ta yi ba.

Yamma na yi sauro ya fara tasowa daga bakin ruwa, gungu-gungu. Tela ta ji kukan ɗaya a kunnenta, hankalinta ya tashi.

"Aku! Zo ki sa kayanki!"

"Mama, zafi! Ni wallahi in na sa ji nake kamar an dafa ni. Baba, ka ce mata kifi ma ba ya sa riga."

"Zan dafa ki da gaske in kika bari na taso."

Auta ta farka tana neman fitowa daga ita sai 'yar shimi. Tela ta ruga ta fizgo kayan daga kan bishiyar, ta zura hannu ta juya su da sauri, ta cusa yarinyar ciki, ta ja zif, ta maƙala ƙugiyoyin. Ta shafa mata maganin sauro a goshi da bayan hannu, ta ja robar ƙafa ta sake ta, ta ji ta kama dam. Sai a lokacin ta yi ajiyar zuciya. Auta ta taka ɗaya, biyu, ta nufi wurin ubanta da ke hura gawayi.

Ihun da ta ƙwalla ba irin na rigima ba ne. Uwa ta san bambancin.

Tela ba ta san yadda ta isa wurin ba. Ta duba fuska, ba komai. Ta duba hannu, ba komai. Yarinyar kuwa sai tsalle take tana dukan ƙafarta, tana sandarewa.

"Ina ne? Auta, nuna min, ina ne?"

"Ciki! Ciki!"

Direba ya juya ta ya kama zif ɗin. Ƙugiyoyin suka ƙi fita, don yatsunsa sun yi musu girma. Da suka fita, zif ɗin ya ci yadi ya tsaya cak a tsakiyar baya. Ya sa ƙarfi.

"Kar ka ja, za ka yaga!"

Maganar ta fita kafin ta san ta faɗa. Ya dube ta, ita ma ta ji kunyar bakinta har cikin ƙashi. Ta warci jakarta, ta zazzage ta a ƙasa, ta ɗauko almakashin da ba ta zuwa ko'ina sai da shi. Ta zura shi ƙarƙashin robar ƙafar hagu ta tsarge wandon har ƙugu.

A bayan gwiwa abin yake, ja jawur, da ɗan baƙin tsinke a tsakiya. Wani abu ya faɗo daga lanƙwasar robar ya sauka a kan zanenta. Ƙudan zuma ne, a murƙushe, ƙafafunsa na ɗan motsi.

"Innalillahi," in ji Direba. "Ɗazu na bar ƙofar tanti a buɗe. Ni ne. Wallahi ni ne."

Idon Tela na kan cikin yadin da ta tsarge, inda sauran lemon ya bushe ya bar tabo mai danƙo. A kan wannan tabon ƙudan ya sauka yana shan zaƙi sa'ad da cikin rigar ke waje. Ita ta juya shi ciki, ita ta rufe masa kowace ƙofa. Ta ƙarasa tsarge rigar ta cire mata, ta kankare tsinken harbin da farce, ta ɗura wa yarinyar maganin da likita ya ba su, rabi a baki rabi a ƙasa.

"Ta da mota," ta ce.

Suka bar tanti, da tukunya a kan wuta, da takalmin Aku ƙafa ɗaya. Maigadin wurin ya fito yana tafiya kamar mai ciwon baya, yana tambayar ko sun fasa kwana ne. Direba, wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa, ya daka masa wata irin tsawa da ta sa ya ɗage sandar ƙofar da hannu biyu. Maigadin ya ce musu akwai ƙaramin asibiti in sun hau kwalta, bayan gidan mai.

Hanyar ƙasa ce, duk rami. Tela na baya, Auta a cinyarta, tana kallon fuskar na canjawa a gaban idonta. Leɓen sama ya fara tashi. Fatar ido ta yi nauyi. Wasu jajayen taswirori suka fito a ciki da wuya. Tsoro ya kama ta har addu'ar da ta iya tun tana yarinya ta ɓace mata, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai take maimaitawa. Aku na gefe ta ƙanƙame ƙofa, ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi komai tsorata uwar.

"Mama, wuyana," in ji Auta, muryar ta shaƙe.

Tela ta kai hannu za ta sassauta mata wuyan riga, sai ta tarar ba abin da ke wuyan. Daga nan usur ɗin ya fara, siriri, duk numfashi ɗaya.

"Baban yara, ya fara! Ƙarar nan ta fara!"

Bai waiwayo ba. Shekara goma sha biyar yana tuƙi ba a taɓa kama shi da gudu ba, amma ranar ya wuce wata tirela ta inda ba a wucewa, hannunsa a kan oda har suka ga fitilar gidan mai.

Wata nas ce mai jiki ta karɓi Auta tun daga baranda. Kallo ɗaya ta yi mata ta ƙwala wa likita kira. Aka soka mata allura a cinya, aka ɗora mata robar iska a hanci. Tela ta tsaya jikin bango, rigar da ta tsarge a dunƙule a hannunta, tana sauraron usur ɗin. Ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, sai ya ɗauke. Tela ta zabura da ihu.

"Ta daina! Sista, ta daina!"

"Ƙarar ce ta daina, Maman Auta. Zo ki sa hannu a ƙirjinta ki ji. Barci take nema."

Ta sa hannu. Ƙirjin na hawa yana sauka, a hankali, ba gardama. Ta bar hannun a wurin har ya yi mata tsami.

Can da hankali ya kwanta, nas ɗin ta dawo da takarda, idonta ya faɗa kan Aku da ke zaune cikin nata shuɗin kayan, an rufe ta ruf har idon sawu.

"Ikon Allah! Wa ya ɗinka wannan? Ai ko iska sai ta nemi izini. Ina da yara biyu, sauro ya mai da su abincinsa. Za a yi min?"

"Ga mai ɗinkin nan," in ji Direba. Idanunsa sun yi ja, murya a dashe. "Ita ta yi nata, Sista. Kwana uku ba ta huta ba. Ni ne na dage sai an je daji, ni ne kuma na bar ƙofa a buɗe. Da yarinyar nan ta tafi, ban san da wane ido zan dubi uwarta ba."

Ya sunkuyar da kai. Tela ta dube shi. Ta san in ta yi shiru, shi ke nan, zai ɗauki kayan nan har ƙarshen ransa, ba zai ƙara ambaton tafki ba, ita kuma ta zama wadda ta faɗa aka ƙi ji. Shirun ba zai ci mata komai ba.

Ta zauna kusa da shi a kan bencin. Ta warware rigar a kan gwiwarsa, ta zura hannu ta juya cikinta waje kamar yadda ta yi da rana, ta kama yatsansa ta ɗora a kan tabon. Har yanzu yana danƙo.

"Ba ta ƙofarka ya shiga ba, Baban yara," ta ce. "A nan yake zaune. Ni na sa mata shi."